Tsani da bango: me ya sa amsata ta zarce tsawon tsanin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai shirin zana jarrabawar WAEC. An ba mu wannan aikin: an jingina tsani mai tsawon mita 6.5 a jikin bango, tsakanin gindinsa da bangon mita 2.5. A nemo tsayin inda kan tsanin ya taɓa bangon. Na bi ƙa'idar Fitagoras na samu 6.96, amma malaminmu ya soke da jan biro. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ninkin da kika yi babu gyara: 6.5 sau 6.5 ya ba ki 42.25, 2.5 sau 2.5 kuma 6.25. Tangarɗar ta zo ne da kika tara su.

Ajiye biro tukuna, ki dubi amsar da idon basira. Tsanin nan ko an miƙar da shi cak a jikin bango, ba zai wuce mita 6.5 ba. To ta yaya za a ja gindinsa baya, kansa kuma ya ƙara hawa sama? Da kin yi wa kanki wannan tambayar, da kin kama kuskuren tun kafin malam ya gani.

Ki zana hoton. Bango a tsaye, ƙasa a kwance, sun haɗu a kusurwa mai digiri 90. Tsanin shi ne gefen da ke fuskantar wannan kusurwa, kuma shi ne mafi tsawo a alwatikar, wato siffar mai gefe uku da bango da ƙasa da tsanin suka haɗa. Ƙa'idar cewa ta yi, in kika ninka kowane gajeren gefe da kansa kika tara, za ki samu ninkin dogon gefen da kansa. Ke an riga an ba ki dogon gefen, gajere ake nema, don haka ɗebewa za ki yi. Cire 6.25 daga 42.25, saura 36. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta take ba da 36? Shida. Kan tsanin yana mita 6 daga ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne, yara da yawa sun haddace ƙa'idar kamar karatun allo, da sun ga lambobi biyu sai tarawa, ba tare da sun tantance wanne ne dogon gefen ba.

Alhali magina ma da ita suke aiki, kamar yadda mutanen Babila suka san ta fiye da shekara 1,000 kafin Fitagoras, masanin Girka da ake kiran ƙa'idar da sunansa. In kin ga ana fitar da harsashin gini, ki lura: za a ja igiya biyu daga turke ɗaya, a auna ƙafa 3 a ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar. In tsakanin alamomin ya ba da ƙafa 5 cif, kusurwar ta daidaita. In bai ba da ba, ɗakin zai fito a karkace.

Gwada wannan kafin ki kwanta: tsani mita 10, gindinsa mita 6 daga bango. Ki fara da zanen.