Ruwan Masana'anta a Lambu da Lafiyar Mai Juna Biyu

Wani manomin rani ya rubuto cewa da ruwan magudanar masana'antu yake ban ruwa, latas da alayyafonsa sun yi shar, kuma daga lambun ake cefanen gidansa, ga maiɗakinsa da juna biyu. Yana tambaya ko da matsala.

Akwai, Malam, babba ma kuwa. Kada korewar ganye ta ruɗe ka. Irin wannan ruwa yakan kwaso ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam, kuma kayan ganye na cikin shukokin da suka fi zuƙar kadmiyam, musamman a ƙasa mai tsami. Kowa ya san ta mabiyiya ɗan tayi ke samun abinci, amma ita ce kuma ke samar da sinadarin furojestaron mai riƙe ciki. Kadmiyam a cikinta yake taruwa, ya raunana ƙwayoyin halittarta, furojestaron ya ragu, sinadarin zink da ɗa ke buƙata ya kasa isa gare shi yadda ya kamata, sai a haifi jariri ɗan firit. Dalma kuwa ratsa mabiyiya take ta shiga jinin ɗa. Har wadda ta shekara da shekaru a ƙashin uwa takan taso lokacin goyon ciki, domin jiki na ajiye ta tamkar kalsiyam. Ka daina kai wannan ganye gida daga yau, kasuwa ma haka, don masu saye su ma suna da mata. A gwada ruwan da ƙasar, a kuma gaya wa ma'aikatan awon ciki gaskiyar lamarin.

Wani ya ce to in an wanke an tafasa fa? Wanki na fitar da ƙurar bayan ganye ne kawai, tafasa kuma ba ta kashe ƙarfe.

Mai tambaya ko ya ninka takin fosfet: a'a. Wasu nau'o'insa na ɗauke da kadmiyam, ga asarar kuɗi.

Sai mai son wanke ragowar irin da aka cuɗa da magani ya kai niƙa. Na gaji da maimaita wannan! A Iraƙi, tsakanin 1971 da 1972, an ci irin alkama da aka cuɗa da magani mai ɗauke da zaiba, aka kwantar da mutum sama da 6,000, fiye da 400 suka rasu a asibiti, wasu jarirai kuma aka haife su da lahanin ƙwaƙwalwa. Ko wane magani ne a jikin irinka, wanki ba ya mayar da shi abinci. Ka shuka shi, kada ko kaji su ci.