Koyon girkin Labanon: aji ko bidiyo?

'Yar'uwa, kin ce kina son iya abincin Labanon, kina tambaya ko ki biya kuɗin ajin girki da ake yi a unguwarku, ko kuwa bidiyon YouTube ya ishe ki. Ki shiga ajin. Sai dai kafin ki ba da ko sisi, ki tabbatar kowace ɗaliba za ta sa hannu a tukunya, domin wasu azuzuwan kallo kawai ake yi, malama na girki ana ɗaukar hoto.

Dalilina kuwa, ɗanɗano ba ya fitowa ta waya. Na fi wata uku ina bin bidiyo ina haɗa humus, wato markaɗaɗɗen waken da suke ci da burodi, kullum sai ya fito da gari-gari, ga ɗaci. Rana ɗaya da na zauna a aji malamar ta gano matsalar: waken nan nasu mai kama da gurjiya sai ya kwana a jiƙe, a dafa shi har ya fara farfashewa, sannan a markaɗa da lemon tsami da tafarnuwa. Ɗacin kuma daga tahina ne, wadda ashe riɗinmu ne aka niƙa, ni ce nake ƙona shi wajen suya. Bayan an gama ajin muka ɗaure da haɗuwa sau ɗaya a wata, mu shida, a zaɓi ƙasa ɗaya kowa ta kawo kwano guda, a ci a faɗa wa juna gaskiya. A nan hannuna ya faɗa sosai. Tabule dai, wato kwaɗonsu na ɗanyen ganye da tumatir, har yau maigidana cewa yake ciyawa na ba shi.