Na gano kuskure a maƙalar da aka riga aka wallafa mini

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ina digiri na biyu a fannin haɗa magunguna. Wata takwas da wallafa maƙalata, sai na lura na musanya alƙaluman rukuni biyu a jadawali. Wani babba a sashenmu ya ce in ja bakina in yi shiru, ba mai dubawa. Ko barcin kirki ba na yi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikis salam, Malama. Kwantar da hankalinki. Ki sanar da duk wanda sunansa ke kan maƙalar, ku sake lissafin, ku rubuta wa editan mujallar. In sakamakon bai motsa ba, gyara kawai za a buga. In ya rushe, a janye ta.

Janyewar ce ke razana ku, na sani. Kusan kullum sai na ji wani ya ce wanda aka janye wa maƙala ya gama yawo. Wa ya faɗa muku? Frances Arnold ta karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018. A Janairun 2020 ita da kanta ta fito Twitter ta ce sun janye maƙalarsu ta mujallar Science, domin an maimaita gwajin bai ba da abin da suka rubuta ba. Yabo ta sha. To ki dubi Andrew Wakefield a Ingila: a 1998 ya yi wa bayanan yara 12 kwaskwarima, ya alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da cutar otizim (larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane), ya kuma kafe. Sai 2010 mujallar The Lancet da ta buga maƙalarsa ta janye ta, aka soke lasisinsa na likita. Kafin nan iyaye da yawa sun guji allurar, ƙyanda ta dawo.

Wannan tsoron ne ke ciyar da masu shagon "haɗa babi na huɗu" (babin sakamakon bincike a kundin ɗalibi) a bakin jami'o'inmu. Ɗalibi ya yi gwaji bai ga bambanci ba, sai ya biya a murɗa masa lambobi har su "fito". Haba! Rashin bambancin ma ai sakamako ne. Kwamitocin ƙarin girma da ke ƙirga maƙalu kamar buhunan gero ba tare da sun karanta ba, su ma da laifinsu.

Ke kuma magani kike nazari. Wani zai iya ɗora awon da zai ba majinyaci a kan jadawalin nan. Ki adana littafin gwajinki na asali, editan zai iya nema. Babban naku kuwa, ki gaishe shi da ladabi, ki aika wasiƙarki makon nan.