Banda ba ta kashe dafin gamalin

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masunci ne a yankin Guri, Jihar Jigawa. Wasu samari sun zuba gamalin, maganin ƙwarin gona, a tafkinmu, kifi ya taso fal, aka kwashe aka yi banda. Yarana sun ci, biyu sun kwana suna amai. Ana ta ce min wuta tana kashe dafin, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, a kai yaran asibiti yau, a gaya wa likita abin da suka ci. Kada a ɗura musu manja ko madara, domin wannan dafi maiƙo yake bi, sai a ƙara masa hanyar shiga jiki.

Zancen "wuta ta cinye dafin" kuwa, na gaji da jin sa, a bakin ruwa da kasuwar kifi duka. Wa ya auna? Sinadarin da ke cikin gamalin, lindane, a kitsen kifi yake zama, balle tarwaɗa mai maiƙo. Wutar banda ruwan jikin kifi take ƙonewa, dafin yana nan. Wanki ba ya fitar da shi, yaji da gishiri ma haka. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa yake taɓawa, har yakan kai yaro ga jijjiga. Tun 2009 Yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta sa shi cikin sinadaran da za a daina amfani da su a gona. Abin da mai talla ke tsiyaya maka a kwalba babu takarda ya ce gamalin ne, Allah kaɗai ya san me ke ciki. Amma wai don wane ya ci bai mutu ba, shi ke nan an sami hujja!

Tafkin ma ya cutu. Yadda dazukan bakin teku na Neja Delta suke wurin renon ƙananan kifi, haka fadamun Haɗeja zuwa Nguru suke a wurinmu. Dama tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliya ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Ɗan abin da ya saura, magani ya kashe ƙwai da 'ya'yan karfasa, har da ƙwarin da tsuntsayen Turai ke zuwa ci a gandun tsuntsaye na Baturiya.

Sauran bandar a binne ta nesa da rijiya, a hana shanu sha a tafkin, kai kuma ka kai maganar gaban Sarkin Ruwa da mai unguwa.