Ana ta yabon littafina, amma masu saye kaɗan ne: in daina talla?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce, ina zaune a Agege, nan Legas. Littafina na biyu nake saki yanzu a zaurena na WhatsApp, shafukan farko kyauta, sauran na kuɗi. Kullum saƙonni na shigowa: "Allah ya ƙara basira", "ba mu taɓa karanta irinsa ba". Nakan ɗauki hotonsu in ɗora a sitatus. Yayata ta ce abin ya zama yabon kai, in ji kunya in bari. Ga shi kuma duk wannan yabo, waɗanda suka biya ba su taka kara sun karya ba. In daina tallar ne? Kuma yaya zan yi da masu yabon?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki daina. Sai dai maganar yayarki ma kada ki watsar da ita, domin akwai inda ta taɓo gaskiya.

A ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990, lokacin da adabin kasuwar Kano ke tashe, marubuci ba shi ke yi wa kansa shela ba. Ya buga, ya kai wa dillalan littattafai, su kuma su watsa shi Zariya, Sakkwato, Jos, har nan Legas. Ga masu ba da hayar littafi a unguwanni, ga gidajen rediyo da ke karanta labarai ga masu sauraro. Yawancin wannan hanya ta tsinke, takarda ta yi tsada, masu karatu sun koma waya. Ke kuma zaman Legas ya ƙara miki wani nauyin: manyan shagunan littattafai na Ikoyi da Ikeja kayansu kusan duk na Turanci ne, Hausawan da za su karanta ki suna warwatse a Agege, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago, mafi yawansu ma suna can Arewa, da Nijar, da Gana, da Saudiyya. In kin yi shiru babu wanda zai faɗa musu littafin ya fito. Sanar da mutane haƙƙin littafin ne a kanki.

Inda kunya ta shigo shi ne abin da kike sanarwa. Ki lura da mai tumatir a kasuwar Mile 12: wanda ya yarda da kayansa buɗe kwandon yake yi, ya zaro na ƙasa ya miƙa miki ki latsa da hannunki. Haka tallar littafi take. Sanarwar da ta ce "littafin da ya girgiza intanet, wanda bai karanta ba an bar shi a baya" ba ta nuna wa kowa komai ba, kuma ita ce Bahaushe ke kira yabon kai jahilci. Ki ɗauko layi shida ko bakwai daga tsakiyar labarin, wurin da uwa ta tsaya bayan ƙofa tana jin sallamar 'yarta ta ƙi buɗewa, ki yanke daidai inda mai karatu zai so jin abin da ya biyo baya. A ƙasa ki sa sunan littafin, kuɗinsa, yadda ake biya, da ranakun da kike sakin shafuka. Shi ke nan. Babu wata yaya da za ta ga wannan ta ce kin yi fariya, tunda aikin ne a gaba, ke kina bayansa.

Yanzu yabon. Wanda ya ce miki "Allah ya ƙara basira" addu'a ya yi miki, ki amsa da amin, ki gode da zuciya ɗaya. Wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kamar yadda ya zo a hadisi. Amma kada ki auna littafin da irin wannan saƙo. A zaurukan karatu yabo ladabi ne, kamar gaisuwa. Wata tana yi ne don ki saki shafi na gaba da wuri, wata 'yar'uwarki ce marubuciya da ke jiran ki rama mata ranar da nata ya fito, wata kuma da gaske ya burge ta amma kuɗin data ma da ƙyar take samu. Babu maƙaryaciya a cikinsu, sai dai yabo ba ya cin kuɗi, saye kuwa yana ci. A abin da na gani wurin marubutan da nake tace wa aiki, masu biya sau da yawa ba su cika magana a zaure ba. Sai dai kawai ki ga shaidar biya da "ga nawa, a sa ni".

Akwai yabo na biyu, shi ne nake so ki riƙa nema. Wata ta rubuto ta ce, "Wurin da Hajiya ta ƙi buɗe ƙofar nan sai da na ajiye wayar na yi shiru, kakata na tuna." Wannan ta karanta, kuma ta nuna miki inda alƙalaminki ya yi aiki. Irin wannan ba ya zuwa da kansa sosai, jawo shi ake yi. Duk wadda ta ce "ya yi daɗi", bayan godiya ki tambaye ta: wane wuri ne ya fi tsaya miki a rai, kuma ina ne kika ji kamar ki tsallake? Wasu za su yi shiru. Waɗanda suka amsa ki riƙe su da kyau, su ne za su faɗa miki gaskiya a littafi na uku.

Batun ɗora hoton saƙo a sitatus, a nan nake tare da yayarki. Saƙon da aka turo miki ke kaɗai amana ne. Matar aure ce wataƙila, ba ta so dangin miji su ga sunanta da lambarta a ƙarƙashin labarin soyayya, kuma hoto in ya fita ba ya dawowa. Ki nemi izini tukuna, ki goge suna da lamba da hoton fuska, sannan ki zaɓi wanda ya faɗi wani abu game da littafin, ɗaya a mako ya isa. Goma a jere masu cewa "kin iya, kin iya" gajiyar da mutane suke yi, har su daina buɗe sitatus ɗinki. Kada kuma ki taɓa sa ƙawaye su rubuto yabon ƙarya, ko ki rubuta da wata lambar. Masu karatu suna ganewa, kuma ha'inci ne a ciniki.

Abin da ya fi damuna game da yabo shi ne yadda yake lanƙwasa labari. Mai saki shafi-shafi tana rubutu ne da surutun zaure a kunnenta. An yabi wurin da aka wulaƙanta kishiya, sai ta ƙaro uku irinsa. An ce kada a kashe wane, sai ta tashe shi daga gadon asibiti ko da labarin ya nuna ajalinsa ya zo. Littafin da ya kamata ya tsaya a shafi na arba'in sai ya kai ɗari, kuma tsakiyarsa ruwa ne. Ba banza ba hadisi ya tsawatar a kan masu yawan yabon mutum a gaban idonsa. Maganin da na sani shi ne ki gama rubuta littafin kafin ki saki shafin farko, ki ba mutum biyu da ba sa jin nauyinki su karanta da jan biro. Ki kuma riƙa kai aikinki inda ba a san ki ba, kamar gasar Hikayata ta BBC Hausa da ake yi wa mata tun 2016, inda alƙalai ke karanta labarin ba tare da wata alaƙa da ke ba.

Ƙarancin masu saye kuma yana da wani dalili da ba ruwansa da kyawun littafi. Zauren WhatsApp ba ya wuce mutum 1,024, sitatus yana gogewa bayan awa 24, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna ne ke ganinsa. Wato mutanen jiya kike yi wa talla yau. Ki fita waje: shafin Facebook na littattafanki, babi biyu ko uku a Wattpad, manhajar karanta labarai, karatun minti ɗaya da muryarki a TikTok in kina da sha'awa. Lambobin waɗanda suka taɓa biya ki rubuta su a littafi na takarda, da izininsu, domin manhaja ba ta da tabbas. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai da aka kafa nan Najeriya a 2013, ta rufe a Nuwamba 2023, kuma marubucin da bai san masu sayensa ba sai ta hanyarta ya koma neman su daga farko. Masu tura littafin kuɗi a wasu zauruka kyauta ma suna rage ciniki. Ki rubuta gargaɗi a shafin farko, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shafi abin da aka wallafa a intanet.

Tunda a Legas kike, ki ci moriyar garin. Ana yin bikin littattafai da fasaha na Legas a Freedom Park duk watan Nuwamba, bikin littattafai na Ake ma ya dawo nan daga Abeokuta tun 2018. Harkar Turanci ta fi yawa, amma akwai mawallafa da masu fassara da ke son sanin abin da ake rubutawa da Hausa. In hali ya yi, ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ki buga kwafi kaɗan na takarda ki tafi da su, tare da taƙaitaccen bayanin labarin a shafi ɗaya da za ki iya miƙa wa wanda ya tambaya.