Tambayi Akanta: Janareta ɗaya, sana'a biyu, wa zai ɗauki kuɗin mai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan burodi da kuma injin ruwan leda a fili ɗaya a Sharaɗa, Kano. Haya ɗaya muke biya, janareta ɗaya, mai gadi ɗaya. Yaron da ke riƙe mana lissafi a manhajar QuickBooks yana raba duk waɗannan kuɗaɗe gwargwadon ciniki: burodi kashi 70, ruwa kashi 30. Kullum lissafi yana nuna burodi na faɗuwa, har na fara tunanin rufe shi. Yaya ya kamata mu saita rabon?

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Don Allah kada ka rufe gidan burodin nan tukuna. Ina zargin ɗora masa kayan da ba nasa ba ake yi.

Rabo gwargwadon ciniki shi ne mafi sauƙi, shi ya sa yara ke gudu zuwa gare shi, amma hukunta mai ƙoƙari yake yi. Burodi ya kawo kuɗi da yawa, sai a ce shi ya sha mai da yawa. Alhali ka je ka tsaya a filin naka da rana: famfon rijiyar burtsatse yana ta ja, injin tace ruwa na aiki, injin liƙe leda bai huta ba tun safe. A ɓangaren burodi kuwa, in tanderun itace ko gas kake amfani da shi, injin kwaɓa fulawa da 'yan fitilu ne kawai ke jan wuta.

Saboda haka kowane kuɗi a raba shi da ma'aunin abin da ke cin sa. Man janareta da kuɗin wutar KEDCO, sayi ƙananan mitoci biyu, mai gyaran wuta ya sa wa kowane ɓangare tasa. A ce a wata ɗaya ta burodi ta nuna 1,200, ta ruwa ta nuna 2,800. Rabon ya zama 30 da 70 ke nan, akasin abin da kuke yi. In man watan na naira 900,000 ne, burodi zai ɗauki 270,000, ba 630,000 da ake lafta masa yanzu ba. Naira 360,000 a wata guda, ka ga inda ribarka take maƙalewa. Wannan batu ya ƙara nauyi tun watan Afrilun 2024, lokacin da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, naira 225 kowane yunit. Kuskuren da a da ba ya zafi, yanzu yana iya kashe sana'a a kan takarda.

Haya kuma da faɗin wuri ake raba ta. A ɗauko tef a auna. Albashin mai gadi ya bi rabon haya, tunda filin yake tsarewa.

A cikin manhajar, ka sa yaron ya shiga saituna ya kunna abin da QuickBooks ke kira Class, wato hanyar ware lissafin kowane ɓangare daban, ya buɗe guda biyu, Burodi da Ruwa. Ya duba fa, ƙananan rukunan QuickBooks na intanet ba su da shi, sai daga Plus zuwa sama. Fulawa, yis, sukari da ledar ruwa ba sa buƙatar rabo ko kaɗan. Ranar da aka saye su a liƙa wa kowanne sunan ɓangarensa kai tsaye. Haya da gadi, tunda ba sa canzawa, ya shigar da su sau ɗaya a layi biyu, ya mayar da shigarwar mai maimaita kanta duk wata. Man janareta ne ke son hannu. Ni yadda nake yi wa waɗanda nake duba wa littafi, duk jarkar da aka saya ina tara ta a asusu ɗaya na kuɗin haɗaka, ranar ƙarshen wata a karanta mita, a kwashe asusun a raba da shigarwa guda. In asusun bai koma sifiri ba, an manta wani abu. Masu amfani da manhajar lissafi ta Tally sun ɗan fi samun sauƙi, domin tsarinta na Cost Centre Class yana karɓar kason da ba ya canzawa sau ɗaya ya riƙa rabawa da kansa.

Abu ɗaya nake roƙonka, Alhaji: in an tsayar da ma'auni, a rubuta shi a takarda ka sa hannu, kada a taɓa shi sai an ƙaro inji ko an faɗaɗa gini. Na taɓa ganin inda manajoji biyu ke zuwa wurin mai lissafi a ɓoye, kowa na neman a rage masa kaso, har aka kai ba wanda ya yarda da rahoton wata.

Man da ake ɗiba a kai janaretan gidanka kuwa, kada ya shiga rabon nan. A rubuta shi a matsayin abin da mai dukiya ya cira. Ka tara karatun mita na wata uku, a sake fitar da ribar kowane ɓangare da sabon rabon, sannan ka rubuto mini abin da ya fito.