Me na'urar NMR ke gani a cikin sinadari?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a kimiyyar sinadarai. Na tace wani farin gari daga ganyen dogon yaro, malamina ya ce sai an kai shi NMR kafin mu san ko mene ne. Mun riga mun san adadin kabon da haidirojin da oksijin da ke cikinsa, to me na'urar za ta ƙara mana?

Amsa: Malama, lissafin da ke hannunki ƙidayar mutanen gida ce kawai, bai nuna wa ke ɗaki ɗaya da wa ba. Dubi etanol da daimetil ita. Kowannensu kabon 2 ne, haidirojin 6, oksijin 1. Amma etanol ruwa ne da ke tafasa a digiri 78, ɗayan kuwa gas ne. Zaman ƙwayoyin zarra ne ya bambanta, shi kuma NMR, wato gwajin maganaɗisun cibiyar ƙwayar zarra, ke tonawa.

Cibiyar haidirojin tana da ɗan maganaɗisu nata. In aka sa ta cikin ƙaton maganaɗisu, aka buga mata igiyar rediyo, sai ta amsa, kuma amsar ta dogara da maƙwabtanta. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna wannan a Amurka a 1946, suka sami kyautar Nobel a 1952. Na'ura mai ƙarfin megahaz 400 tana aiki da maganaɗisu na tesla 9.4, wanda ruwan hiliyam ke sanyaya shi kullum. Tsadarta ke nan.

Takardar sakamakon etanol tana fitowa da tsauni uku, wato wurare uku da layin zanen ke yin sama. Na wajen 1.2 ppm (ma'aunin mazaunin tsauni a takardar) yana da haƙora uku, na wajen 3.7 haƙora huɗu, sai na haidirojin da ke manne da oksijin, wanda ba shi da mazauni tsayayye. Girmansu 3 da 2 da 1 ne, daidai da yawan haidirojin na kowane rukuni. Haƙoran su ne gishirin aikin: ki cire ɗaya daga adadinsu, kin san haidirojin nawa ke kan kabon na kusa. Daimetil ita kuwa tsauni ɗaya tal yake bayarwa, domin haidirojin shidan duk zamansu iri ɗaya ne.

Sai ki kula da tsafta, don nan ɗalibai ke tuntuɓe. Ana narka 'yan miligiram a kulorofom mai diyuteriyam (nau'in haidirojin mai nauyi), a zuba cikin siririyar kwalba mai faɗin milimita 5. Tsaunin da za ki gani a 7.26 na kulorofom ɗin ne, ba naki ba. In kin wanke kwalbar da asiton ba ta bushe ba, zai leƙo a 2.17. Kuma garin da aka tato daga ganye sau da yawa sinadari biyu ne ko uku a cakuɗe, ko da ido ya ga fari fat, sai tsaunuka su hau juna har a rasa na kamawa. Ki sake tacewa kafin ki aika.

Ki nemi a haɗa miki da gwajin kabon-13, nau'in kabon da NMR ke iya gani. Shi wajen kashi 1.1 cikin ɗari ne kacal na kabon, don haka yana cin lokaci, yana kuma son samfuri mai ɗan yawa. Kada ki ƙarar da garin a wasu gwaje-gwaje tukuna.